Yadda Irin Alkamar Gidanmu Ya Ƙare a Hannuna

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya san abin da na ɓoye tun kafin in yi niyyar ɓoye shi. Wannan babin na fi jinkirta shi a kan sauran, kuma ina so ku karanta shi a jere yadda na tsara shi, kada wani ya tsallaka. Kun tashi kuna jin cewa baffanku Mamman, ƙanena, shi ya kashe irin alkamar gidanmu da sakacinsa. Kun ji a bakin kakarku Inna, kun ji a bakin maƙwabta a Masama, kuma ba ku taɓa jin na musanta ba. Ba haka aka yi ba. Zan faɗi yadda aka yi.

Da farko sai kun san alkamar. Ba irin wadda ake kawowa a buhu ana rabawa manoma ba ce. Gajeruwa ce, ƙwayarta ja-ja, zangarniyarta da dogon gashi. Kakanmu ya noma ta, Baba ya gada, a wani ɗan fili mai fangali ashirin a bakin fadama, ana ba ta ruwa da jigo kafin inji ya zo. Ba ta da yawan amfani, shi ya sa duk mutanen yankinmu suka bar ta suka koma sabon iri, har ya zama gidanmu kaɗai ya rage da ita. Amma garinta yana da danƙo. Inna takan murza taliyarta ta yi tsawon kamu biyu ba ta tsinke ba, alkakinta kuma yakan yi wata bai canza ba. Matan cikin garin Gwandu, idan biki ya taso musu, sukan aiko a roƙi mudu ɗaya. Ba mu taɓa sayar da ita ba. Kowace shekara Baba zai zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya sussuke su da hannunsa, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Kuma ba ya sa lauje sai ya ciji ƙwayar. Yakan ce matakinta uku: tana nono, tana ƙullu, sannan ta ce ƙas a haƙori. Kafin ƙas ɗin nan, ko sarki ya aiko ba a yanka.

Baba ya rasu da damina. Da sanyi ya shigo muka fasa tulun, muka tarar ya tsage ta ƙasa, ƙwari sun shiga sun ci fiye da rabi. Da aka sheƙe aka tsince, tiya biyu ta rage. Mamman ya ce a ajiye ko da kwano ɗaya saboda halin rayuwa. Na ce fangali ashirin ne, irin kuma da ƙyar zai kai ashirin, ba zan bar biyu fayau a ce 'ya'yan Malam sun kasa cika gonar ubansu ba. Muka shuka duka. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne mafi sauƙi a cikinsu.

A lokacin ina aiki a Kalgo, a gonar shinkafar wani attajiri. Saboda ɗan karatun firamaren da na yi, ni ke riƙe da littafin ban-ruwa: yaushe aka shuka, yaushe za a ba wane fili, yaushe za a yanke. Na saba da aiki da ranaku, na kuma yi suna a kan haka. Idan na ce Talata, to Talata ce. Mamman shi ke gida da Inna, shi ke tayar da inji, shi ke korar tsuntsu, ni kuwa ina zuwa duk bayan mako uku in duba. Na san kwanakin da alkamar takan yi a hannun Baba daga shuka zuwa yanka, domin na taɓa rubutawa. Sai na ƙirga daga ranar da muka shuka, lissafin ya faɗa a kan wata Asabar. Na roƙi hutun kwana uku a wurin aiki, na aika aka raba goron gayya, Inna ta jiƙa geron fura. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne sanyin shekarar ya daɗe fiye da yadda aka saba, alkama kuwa idan sanyi ya daɗe ba ta gaggawa.

Ranar Alhamis na iso, muka gangara fadama da la'asar. Daga nesa gonar ta yi ruwan ɗorawa. Da muka shiga ciki sai na ga wuyan karan, daidai ƙasan zangarniya, yana da sauran kore. Mamman ya murje zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙo mini.

"Yaya, ciza ka ji."

Na ciza. Haƙorina ya nutse a ciki babu ƙara.

Na ce, "Ta kusa."

"Ta kusa ba ta kai ba. Wagga ƙullu ce. A ba ta kwana takwas ko goma."

"An raba goro. An ce Asabar."

"Goro an ci shi, ba ya dawowa, amma mutane suna dawowa. Bari in zagaya in ba su haƙuri. Ni za a zaga, ba kai ba."

"Ban taɓa sa rana in ɗaga ta ba."

"To ai alkamar ba ta nan sanda ka sa ranar, Yaya."

Ya faɗa yana dariya, domin shi mutum ne mai raha, ba da raini ya yi ba. Amma dariyar ce ta ƙulle ni. Na ce masa a Kalgo muna yanka shinkafa da sauran ɗanyenta, mu tara ta, ta ƙarasa nuna a cikin tari, kuma babu abin da ke samunta. Na ce hatsi hatsi ne. Ya ce Baba bai taɓa yin haka ba. Na ce Baba bai taɓa fita Masama ya ga yadda ake noman zamani ba. Allah ya gafarta mini wannan kalmar. Mamman ya zubar da sauran ƙwayoyin da ke hannunsa.

Asabar aka yi gayya. Wani dattijo abokin Baba ya ɗaga dami ɗaya ya jinjina nauyinsa, ya ce, "Garba, alkama muke yanka ko harawar doki?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin azahar an gama. Wannan kuskure na biyu ke nan.

Na uku shi ne tamfol. Na sayo sabo fil daga Kalgo, mai kauri, shuɗi, ina alfahari da shi. Baba yakan baza dammunan a tsaye rana ta ci su, a yi ta gadi saboda awaki da tsuntsayen jan-baki. Ni na ce wannan wahalar banza ce. Na sa aka jibge su wuri ɗaya a gefen gonar, inda ƙasar ma ba ta gama bushewa daga ban-ruwan ƙarshe ba, na lulluɓe, na danne gefuna da duwatsu ta yadda ko iska ba za ta shiga ba. Sannan na ce wa Mamman, mu biyu kawai a wurin, kada a buɗe sai na dawo, kwana bakwai cif. Lahadi da safe na koma bakin aiki.

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a kan kunyar gona da ma'aikata, sai ga Mamman a kan babur ɗin aro, ƙafafunsa duk ƙura. Tun daga Masama ya taso, ya bi ta Birnin Kebbi. Na ɗauka wani abu ya sami Inna. Ya gaishe ni ya ce lafiya lau take.

"Tarin ne, Yaya. Na cusa hannu ta ƙasa, kamar tukunyar da anka sauke yanzu. Yana gumi, yana kuma ƙamshin tsiro."

"Haka shinkafa take yi. Nuna ce."

"Wanga ba nuna ba ce. Ka ba ni izini in buɗe in baza."

"Saboda wannan ka bar Inna, ka bar tarin, ka ƙona man mutane?"

"Saboda ka ce kada a buɗe."

Ma'aikatan sun daina aiki suna kallonmu. Ɗayansu ya ce, "Maigida, ƙanenka ya zo koya maka noma." Na ɗaga murya na ce wa Mamman ya koma, saura kwana huɗu, kuma idan ya buɗe awaki suka ci, shi ya sani. Ya dube ni, ya ce, "To, Yaya." Babur ɗin ya lalace masa a hanya, ya kwana a Birnin Kebbi, sai Laraba da yamma ya isa gida. Kuna iya cewa me ya hana shi buɗewa ya ƙyale ni. Ba ku san Mamman ba. Baba yana kwance ya kama hannunsa ya ce ya bi ni kamar yadda yake bin sa, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske fiye da yadda na cancanta.

Ranar Asabar na dawo na ɗaga tamfol ɗin da kaina. Tururi ya bugi fuskata. Dammunan gefe sun fito da fararen saiwoyi sun manne da juna, na tsakiya sun yi baƙi-baƙi da furfurar ruɓa, ba a iya riƙe su don zafi. Muka baza, muka shanya kwana biyar, muka buge. Ƙwayar ta fito a yamutse, babu nauyi, rabinta ya tafi da iska wajen shiƙa. Inna ta kai mudu ɗaya niƙa, ta kwaɓa. Ƙullun ya yi ta malalewa yana manne mata a yatsu. Ta murza taliya, kafin ta kai tsawon ɗan yatsa ta tsinke. Ta sake, ta tsinke. Ta ajiye ƙwaryar, ta wanke hannu, ta kira mu duka biyu tsakar gida. Kafin nan labari ya riga ya zagaya cewa an ga Mamman ya bar tarin kwana biyu ya tafi yawon babur.

Inna ta ce, "Mamman, ina ka tafi ka bar alkamar ubanka ta dahu?"

"Wurin Yaya na tafi, Inna. Shi ya ce kada a buɗe."

Ta juyo gare ni. "Garba, haka ne?"

Na daɗe ina auna abin da na faɗa a wannan wuri, na kuma yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ba ƙarya ba ce. Ƙarya ce. Na ce:

"Ni dai na ce a kula da shi."

Inna ta yarda da ni, domin ni ne babba, ni ne mai littafi, ni ne wanda ba a taɓa kamawa da magana biyu ba. Mamman bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa.

Duk da haka muka sa rai. Muka zaɓi waɗanda suka fi kama da iri muka ajiye, da sanyi ya dawo muka shuka fangali ashirin ɗin. Alkamarmu takan huda ƙasa a kwana biyar. Muka jira bakwai, muka jira goma. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba, shi ma rawaya-rawaya, kafin mako uku ya kwanta. Ranar da na ƙarshen ya bushe Inna ta gangara fadama, abin da ba ta yi ba tun tana amarya. Ta tsaya ta dubi ƙasar, ta ce wa Mamman a gaban masu ban-ruwa:

"Ubanka ya riƙe ta shekara arba'in da jigo. Kai kwana bakwai sun gagare ka."

Bayan wata ɗaya ya kwashe matarsa ya koma Diggi yana ƙwadago, daga baya ya zauna Kalgo yana gyaran injinan ban-ruwa. Gari ɗaya da ni, amma ba unguwa ɗaya ba.

A Kalgo akwai wani malamin gona, Malam Bitrus, mutumin Zuru, muna mutunci ta dalilin aiki. Na ƙulle ragowar ƙwayoyin a takarda na kai masa. Ba gaskiya na je nema ba. So nake ya ce irin ya tsufa, ya gaji, ko yaya aka yi da ma zai mutu, in sami abin da zan kwanta a kai. Ya jiƙa su, ya ce in dawo washegari. Da na dawo ya tsaga su da reza ɗaya bayan ɗaya, ya tsaga wasu na kasuwa a wani faranti daban, ya zuba musu wani ruwan magani, muka zauna muna hira. Ya ce duk ƙwayar da idonta, wato inda tsiro ke fitowa, ke da rai, idon zai yi ja. Bayan wani lokaci ya ɗauko farantan. Na kasuwa duk sun yi ja a gindi kamar an ɗiga musu jini. Nawa fari fat, sai biyu ko uku da suka yi ɗan dishi-dishi.

Ya yi mini bayani, kuma zan rubuta shi yadda na fahimta, domin ku sani ba tsafi ba ne, ba kuma tsufan iri ba. Ya ce farin nan da muke niƙawa gari, tun yana nono wasu ƙananan ɗakuna ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Uwar karan tana aiko musu da abinci suna cika. Wanda ya cika sai ya mutu, kuma mutuwar a jere take, daga tsakiyar ƙwaya zuwa gefe, har ya rage babu mai rai sai idon da siririyar fatar da ke ƙarƙashin dusa. Ya ce wannan mutuwar ita ce nuna, kuma ita alkamar ce ke yin ta da kanta a kan lokacinta. Wanda ya yanke ta tana ƙullu ya raba ta da uwar tun ɗakunan ba su cika ba, shi ya sa take yamutsewa. Sannan ya ce akwai wasu sinadarai a cikin ƙwayar, aikinsu su narkar da garin su ciyar da tsiro ranar da aka shuka. Bushewa ce ke sa su kwanta su jira. Idan aka tara ta da danshi aka rufe, sai su ɗauka an shuka, su tashi su fara cin garin, danƙon ya lalace. Daga nan tarin ya yi ta ɗaukar zafi har ya dafa idon.

Ya ce, "Yankan wuri ya rage mata ƙarfi, amma ba shi ya kashe ta ba. Wa ya rufe ta?"

Na ce, "Mutanen gida."

Ya girgiza kai. Sai na tambayi abin da bai kamata in tambaya ba idan ina son barci.

"Malam, da an buɗe a kwana na uku fa?"

"Da ba ka sami garin kirki ba. Amma da ka sami iri."

Na fito daga ofishin. Rumfar da Mamman ke gyaran inji ba ta kai tafiyar minti goma ba. Na hango shi a tsugune, hannunsa duk baƙin mai. Na bi ta wani lungu na wuce. Na ce sai Juma'a. Juma'ar ta zo na ce sai na je gida na fara gaya wa Inna. Na je gida na tarar ta yanka mini kaza tana sa mini albarka, na ce ba yau ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga rana ba, wannan ranar na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaga ta. A tsakanin nan na yi ta neman irin a ɓoye. Na je Dalijan inda aka ce wata tsohuwa tana da shi, na tarar sabon iri ne da ya gauraya. Na tambaya a kasuwanni har na gaji. Tunanina shi ne idan na dawo da alkamar, maganar za ta mutu da kanta ba sai na buɗe baki ba. Ban samu ba, kuma babu wanda zai samu.

Da ciwon ajali ya kama Inna aka kira Mamman. Ɗakin cike da mata da dangi. Ta kama hannunsa ta ce:

"Mamman, na yafe maka alkamar nan. Ƙuruciya ce."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ni, ya ba ni lokaci, na san lokaci yake ba ni. Na dubi ƙasa. Sai ya ce, "Na gode, Inna." Ta cika da asubar washegari.

Bayan haka muka zama masu gaisawa a wurin suna da jana'iza. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, bai kuma taɓa sake yi mini raha ba. 'Ya'yansa suka tashi ana ce musu 'ya'yan wanda ya dafa alkama, har abin ya zama kamar laƙabi, ku ma na ji kuna tsokanarsu da shi kuna yara, ban tsawata ba.

Shekara tara da rasuwar Inna, lokacin na bar aiki na koma Masama, aka aiko mini cewa jikin Mamman ya yi tsanani. Na tafi Kalgo da rana tsaka. Yana kwance a zaure a kan tabarma, ya rame har na ga ƙasusuwan Baba a fuskarsa. Na jira masu dubiya suka fita. Na tsara maganar tun a mota, daga farko zuwa ƙarshe, amma da na zauna sai ta watse.

Na ce, "Mamman, maganar alkamar nan. Ni ne."

"Na sani, Yaya. Ai ina wurin."

"Malamin gona ya gaya mini tun shekarar. Da ka buɗe ranar da ka zo, da an sami iri."

Ya lumshe ido. "Wannan ban sani ba. Da ka bar shi a cikinka."

"Ka yafe mini."

Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, a hankali, ba da fushi ba:

"Ni mi zan yi da ita yanzu? Wadda ya kamata ta ji tana ƙasa."

Ya nemi ruwa, na ɗaga kansa na ba shi, ya sha kaɗan ya juya fuskarsa bango. Na zauna har aka kira la'asar ina jiran ya ƙara wata kalma. Bai ƙara ba. Ya rasu ranar Laraba, ni na yi masa wanka, ni na shiga kabarin na karɓe shi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, kuma ba ni da sauran wanda zan tambaya.